Abin Da Ya Hana Motar Tsere Tashi Sama

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Azare, wani yaro ɗan aji shida ya kawo mini hoton mota da ya yanko daga wata tsohuwar jarida. Motar ba ta da rufi, kujerarta ɗaya tak, ga wani abu kamar faranti a goshinta, ga wani a bayanta. Ya ce, "Malam, an ce waɗannan fukafukai ne. To, me ya hana ta tashi?" Na ce ya zauna, yanzu lokacin lissafi ne. Gaskiya kuwa ban sani ba, yaran ma sun gane ban sani ba. Kunyar ran nan ce ta sa na bi diddigin al'amarin, na kuma ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai, kada wani ya sha irin wadda na sha.

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya kama hanyar Katagum da hunturu ya san iska ba abar rainawa ba ce. In da babbar riga a jikinsa sai ta cika fam, ta riƙa jansa baya. Shi ya sa mai sukuwa ya kan kwanta a wuyan dokinsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, in ka ninka gudunka sau biyu, turin da iska ke yi maka sau huɗu ya ke ƙaruwa. Watau motar da ke gudun mil 200 a awa tana fama da turi ninki 16 na wanda za ta sha a gudun mil 50. Motocin gasar da a ke kira Formula 1 kuwa su kan wuce mil 200.

To, fukafukan fa? Ka miƙa tafin hannunka ta tagar mota tana gudu. In ka ɗaga bakin yatsunka, hannun zai yi sama. In ka sunkuyar da su, iska za ta danne shi. Fiffiken jirgin sama na farkon ya ke yi, na motar tsere kuwa an kifa shi ne don ya yi na biyun. Dalili shi ne a kwana a ke cin tsere, kuma taya ba ta kama hanya sosai sai da nauyi a kanta. Da za a loda wa motar duwatsu da ta kama ƙasa, amma da ta kasa gudu. Sai aka sa iska ta yi dannin, ba tare da injin ya ja kaya ba. A 1968 aka fara ganin wannan dabara a gasar. Aibinta ɗaya, babban fiffike yana rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya.

A 1977 da 1978 kamfanin Lotus na Ingila ya ɓullo da wadda ta fi. Ya sassaƙa cikin motar ta ƙasa, ya yi wa iska hanya mai matsewa a tsaka. Iska in ta shiga matsi ta kan ƙara gudu, kamar ruwan kogin Jama'are inda gaɓa ta tsuke, in ta ƙara gudu kuwa turinta ya kan ragu, sai iskar da ke bisa ta danne motar. Da wannan Mario Andretti ya zama zakara a 1978. An hana dabarar a 1983, aka sake buɗe mata ƙofa a 2022.

Hoton yaron nan na wata mota ce ta wannan shekara, W13, ta kamfanin Mercedes, wanda mu ke kira Marsandi. Kamfanin ya ci kambin masu ƙira shekara takwas a jere, daga 1914... a'a, kada in ruɗe ku, daga 2014 zuwa 2021 ne. Ran da aka fito da ita wajen gwaji a Bahrain cikin watan Maris 2022, kowa ya riƙe baki, domin kumburin nan na gefe inda a kan ɓoye lagireto an kusa share shi ƙaf. Mutane da yawa suka ce ai an gama, sauran sai su bi ƙura.

Da aka hau hanya sai wani abu ya bayyana. In ta yi gudu, iska ta kan tsotse ta har cikinta ya kusa taɓa kwalta, sai hanyar iskar ta toshe, dannin ya saki, motar ta ɗago, iska ta sake shiga, ta sake tsotse ta. Haka ta ke ta tsalle sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wasu motocin ma sun yi, amma nata ya yi tsanani. A birnin Baku, cikin watan Yuni, da ƙyar direbanta Lewis Hamilton ya fito saboda ciwon baya. Magani shi ne a ɗaga ta daga ƙasa, in an ɗaga kuwa dannin da a ke taƙama da shi ya ragu. Ba su ga wannan tun da wuri ba, domin a ɗakin gwajin iska ƙaramar siffar mota a ke sawa, an maƙale ta da sanda, kuma dokar gasar ta ƙayyade gudun iskar da za a hura mata.

Cikin tsere 22 na shekarar, ɗaya kaɗai ta ci, a Brazil, a hannun George Russell. Motar Red Bull ta ci 17. Jama'a suka ɗora laifi a kan siririn gefen nan, ni kuwa a ganina don shi ido ke gani ne, babban ciwon yana ƙarƙashi. Duk da haka a watan Mayu 2023 kamfanin ya watsar da siffar.

Da na koma aji na raba wa yara takardu bibbiyu, na ce kowa ya rataya su a gaban bakinsa da ɗan rata tsakani, ya hura. Duk sun zaci za su rabu, sai ga su sun manne wa juna. Mai hoton ya hura har sau uku, sa'an nan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe shi ya sa in tirela ta wuce ni a kan keke na kan ji kamar tana jawo ni?"