Dafin Ruwa da Tafasawa Ba Ta Kashewa

Duk wanda ya bi ta Challawa ko Sharada ko Bompai a Kano ya san irin ruwan da ke fitowa daga masana'antun jima da na rini: yau baƙi wuluk, gobe shuɗi, ga wari mai hawa kai. Kuma ba nan yake tsayawa ba. Rafi yake gangarawa, masu lambu su ja shi da injin ban-ruwa, latas da kabeji su iso kasuwa.

Mutane da dama sun ɗauka tafasawa ko zuba alif ya wadatar. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, alif yana kwantar da laka, amma da yawa daga sinadaran rini da ragowar maganin ƙwari suna nan daram, ko da ruwan ya yi garau.

Wasu ƙasashe sun samo masa magani. Ana baza gurɓataccen ruwan ya yi faɗi ba kauri, ya wuce ƙarƙashin na'urar da ke harba masa ƙwayoyin lantarki da matsanancin gudu. Harbin yana tsinka ruwan kansa, ya fitar da wasu ɓarɓashi masu zafin nama da ke afka wa dafin su farfasa shi nan take, har ƙananan halittun tankin tacewa su iya cinye ragowar. Ana lissafa wannan cikin fasahar nukiliya, amma kada kalmar ta razana kowa: ruwan ba ya ɗaukar komai daga na'urar, kamar yadda wanda aka yi wa hoton ƙirji a asibiti ba ya komawa gida da hasken a jikinsa.

Ba zancen ɗakin gwaji ba ne. Marinan birnin Daegu na Koriya ta Kudu sun fara amfani da na'urar kusan shekara 20 da suka wuce. A 2020 aka buɗe wata a wata masaƙa da ke Jiangmen ta ƙasar Sin, mai tace lita miliyan 30 kullum, masaƙar kuma ta sake aiki da yawancin ruwan.

Sai dai na'urar tana da tsada, tana son wutar da ba ta ɗaukewa. Sannan ba ta kawar da kuromiyam ɗin da majema ke zubarwa, domin shi ƙarfe ne, ba ya farfasuwa. Sai an cire shi daban. Wannan nauyi na mai masana'anta ne tun kafin ruwan ya bar harabarsa. Wanda ya ga ana kwarara irinsa a unguwa ya kai ƙara ga hukumar kare muhalli ta NESREA, kada kuma a shayar da dabba ko a yi ban-ruwa da shi.