Ba kowane sanyin ƙashi ne na tsufa ba

Ƴan uwa mata, masu zubi da masu riƙon makullin akwati, na Magarya da Dungas da ƙauyukansu.

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin bashi a ƙungiya ta san ba kullum ba ne faɗuwar kasuwa ke hana mace biya a kan lokaci. Sau da yawa hannu ne ya ƙi. Mai ƙuli-ƙuli ta kasa matsar tunkuza, mai fura ta kasa ɗaga taɓarya, mai saƙar tabarma yatsu sun kumbura. In an tambaya, amsar ɗaya ce: "Sanyi ne." Da wannan kalma muke lulluɓe cututtuka dabam-dabam, alhali waɗansu na jira, waɗansu kuma ba sa jiran kowa.

Wanda muka fi sani shi ne na gajiyar gaɓa. Shekara da shekaru ana daka, ana jan guga, ana ɗauko itace, gwiwa da ƙugu su cinye. Yana ƙaruwa da aiki, yana lafawa da hutu. Wannan mun san shi, ba shi ne maganarmu ta yau ba.

Maganarmu a kan wanda jiki ne da kansa ke haddasawa. Allah ya yi mana garkuwa a cikin jini, abin da ma'aikatan lafiya ke kira sojojin jiki, masu yaƙar ƙwayoyin cuta. To akwai lokacin da sojojin ke rikicewa, kamar karen gida da ya daina gane masu gidan, su afka wa gaɓoɓi ko fata ko ƙoda ko zuciya. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa a ƙwarya ko a tabarma. Masana sun ƙiyasta cewa cikin masu irin waɗannan cututtuka biyar, kusan huɗu mata ne.

Me ya sa mu? A 2024 masu bincike na jami'ar Stanford a Amurka sun kawo wani ɓangare na amsar. Mace na da ƙwayar gado da ake kira X guda biyu, namiji ɗaya. Jikin mace kan naɗe ɗayar ya ajiye don kada aiki ya yi yawa, to abin naɗin nan ne suka ga yana iya tsokano sojojin jiki. A jikin ɓeraye suka fara gwadawa, kuma ba su ce shi kaɗai ne dalili ba. Amma ko ba komai, mai cewa raki ne na mata ya samu amsarsa. A 2025 ma kyautar Nobel ta likitanci ta tafi ga mutum uku, Mary Brunkow da Fred Ramsdell da Shimon Sakaguchi, saboda gano masu tsawatarwa a cikin sojojin jiki, waɗanda ke hana su cin gida.

Amosanin gaɓoɓi mai kumburi, wanda lokotoro ke rubutawa polyarthrite a takarda, yana da alamarsa. Ƙananan gaɓoɓi yake fara kamawa, yatsu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu tare. Da asuba hannu ya sandare, mace ta kasa ɗaure zane ko riƙe buta, sai an yi awa guda ko fiye kafin ya saki, kuma motsi ne ke sassauta shi. Sau da yawa yakan lafa in ana da ciki, ya dawo da ƙarfi bayan haihuwa, sai a ce ai wankan jego ne bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kashi 70 cikin 100 mata. Abin da bincike ya tabbatar, kuma shi ne ya shafi aljihunmu, watannin farko su ne masu daraja. In an fara maganin gaskiya cikin wata uku zuwa shida, ana iya tsare gaɓa. In yatsa ya riga ya karkace, magani ba ya miƙe shi. Babban maganin, methotrexate, tsoho ne, sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, ana bin sa da awon jini, kuma mai ciki ko mai neman ciki ko mai shayarwa ba ta shan sa. Saboda haka ba abin saye a tebur ba ne.

Lupus kuwa ƴan mata da masu tsakiyar haihuwa ya fi kamawa, mata tara cikin goma. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a yi awon jini a ce ba na cizon sauro ba ne. Gashi na zuba, baki na miki, ƙuraje ko baƙin tabo a kumatu da karan hanci da ke ƙaruwa in an sha rana, fitsari mai kumfa, fuska da ƙafa su kumbura. Wata kuma ɓari ne a kai a kai. Mun san inda ake kai irin wannan yarinya, da abin da ake faɗa a kan kishiya. A da likitoci ma sun ɗauka ciwon ba na Afirka ba ne, a 1968 wani likita mai suna Brian Greenwood ya rubuta daga Ibadan cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a can. Da masu duba gaɓoɓi suka ƙaru a Legas da sauran birane, sai ga masu ciwon suna ta bayyana. Maganin da ake dogara da shi, hydroxychloroquine, ɗan uwan nibakin ne da muka sha muna yara, kuma likita kan bar mai ciki ta ci gaba da shi.

Wataƙila kun ji a rediyo an ce an samo maganin lupus a Jamus. Gaskiyar ita ce a 2022 likitocin garin Erlangen sun ɗebi sojojin jikin mutum biyar da ciwon ya gagara, suka gyara su a ɗakin bincike suka mayar, ciwon ya kwanta har suka ajiye magunguna. Abin murna ne. Amma mutane kaɗan aka yi wa, kuɗinsa kuma masu yawan gaske ne. In wani ya zo da kwalba ranar kasuwa ya ce shi ne, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙwayar nan deksa da ƴan uwanta, da masu tallar magani ke ƙullawa tare da diklofenak. Tana aiki, shi ne haɗarinta. Yau a sha, gobe a tashi garau, fuska ta ciko a ce an yi kyau. A ƙarƙashi kuwa ciwon na ci gaba da cin gaɓa, ga hawan jini, ga ciwon suga, ƙashi ya yi taushi, diklofenak kuma na cin ciki da ƙoda. Likita ma na ba da irinta, amma da awo da wa'adi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa. Ta kai kwalin wurin majo a rage mata a hankali.

Ciwon maƙogwaron yara

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne binciken ya zo har ƙofar gidanmu.

Akwai ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, musamman daga shekara 5 zuwa 15. Yaro ya tashi da zazzaɓi, haɗiya ta gagara, ƙululu ya fito a wuya, wani lokaci a ga farin ruwa a can ciki, galibi ba tari ba majina. Bayan ƴan kwanaki ya warke, kowa ya manta. Mako biyu ko uku, a wasu yaran, sojojin da suka tashi yaƙar ƙwayar sai su juya kan jiki. Gwiwa ta kumbura, ta saki, idon sawu ya ɗauka, ya saki, gwiwar hannu ta ɗauka. Wani yaron hannu da fuska su riƙa fizga ba da sonsa ba, a ce iska ce. Gaɓoɓin na warkewa. Zuciya ce ba ta mantuwa: ƙofofinta na ciki ke samun tabo, kuma duk dawowar ciwon tabon na ƙaruwa.

Yarinyar da ta yi wannan tana shekara tara ita ce za mu gani a cikinta na fari tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafa a kumbure. Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi masu wannan ciwon zuciya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Biyu cikin uku mata ne, rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma cikin shekara biyu kusan 17 cikin 100 sun rasu. Ƴaƴanmu ne da ƙannenmu ke nan, masu ƙarfin zubi.

Ga kuma labari mai daɗi, daga ƙasa irin tamu. A Gulu, arewacin Yuganda, an duba zuciyar yara sama da 100,000 da na'urar eko, aka ware waɗanda tabon ya fara ba su sani ba. Kashi ɗaya aka riƙa yi musu allurar fenisilin duk mako huɗu har shekara biyu, ɗaya kashin ba a yi ba. Da aka fitar da sakamako a 2021, cikin kusan 400 masu allura, 3 ne ciwonsu ya ƙaru. Cikin 400 marasa allura, 33. Da fenisilin fa, maganin da ya girmi yawancinmu.

Ba kowane ciwon wuya ne ke buƙatar wannan ba, mafi yawa mura ce. Majo ne zai duba ya raba. In irin wancan ne, ko allura guda a likita, ko amoksisilin na kwana goma cur. Kwana goma, ba kwana uku a ajiye saura don ƙanensa ba. Yaron da ciwon ya riga ya taɓa wa gaɓoɓi ko zuciya kuwa, allura ce duk mako uku ko huɗu, shekaru, kuma a likita ake yin ta, ba a zaure ba, don wani jikin ba ya karɓar ta.

Dole mu taɓo maganar beli. Yaro ya kasa haɗiya, a kira wanzami. Mun san sana'ar gado ce, kuma da wanzaman muke zaune lafiya. Sai dai cire beli ba ya kashe ƙwayar, ga zubar jini, ga aska ɗaya a bakin yara da yawa. Ciwon zai lafa da kansa a yaba wa aska, mako uku gwiwa ta kumbura ba wanda zai tuna da wuya. Haka in yaro na yawan kukan ƙashi, a nemi awon amosanin jini, wato sikila, don kada a haɗa biyun.

Inda asusu ya shigo

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke aiki a Magarya tun 2005, ita ma ƙananan ta fi kula da su. Ku lura da kyau: ciwon maƙogwaron nan daga shekara biyar yake fara ƙarfi, daidai inda kyautar ta tsaya. Ɗan shekara takwas da ciwon wuya ba ya cikin lissafin kowa, sai na uwarsa. Ita kuwa in ta duba kuɗin kati da na magani da na kabu-kabu daga ƙauyen Malawa ko Dogo-Dogo ko Yekuwa, sai ta ce bari mu gani zuwa gobe.

Tsarin Mata Masu Dubara, tun da aka fara shi a jihar Maraɗi a 1991, an gina shi ne don kada mace ta rasa na hannu ranar buƙata. Amma mu duba yadda kuɗin taimako ke fita a yawancin ƙungiyoyinmu: suna, biki, rasuwa, sai ciwon da ya riga ya kwantar da mutum. A lokacin an sayar da akuya, an sha jiƙo, an yi tsaga, sannan a nemi mota zuwa Damagaram. Kuɗi mafi yawa muke kashewa a lokacin da suka fi ƙarancin amfani.

Ra'ayinmu, kowace ƙungiya ta tattauna a zubi mai zuwa ko za ta ware wani abu na "tafiyar farko", bashi ba ruwa, a fitar da shi ranar da aka nema ba sai an jira taro ba. Na yaro mai ciwon wuya da zazzaɓi kaɗan ne, CSI kawai za a je. Na macen da gaɓoɓinta suka yi mako shida a kumbure ya fi nauyi: daga CSI zuwa asibitin gunduma, daga nan babban asibitin Damagaram, kusan kilomita 90 daga Magarya, wani lokaci har Yamai inda ƙwararrun gaɓoɓi suke. Wasu za su ce akwatin ba zai ɗauka ba, kuma suna da hujja, musamman da bazara. Ƙungiyoyin gari ɗaya na iya haɗa hannu a kan mai nisan. Wasu kuma za su ce maigida ne ke da nauyin magani. Haka ne, amma ranar da hannu ya mutu, zubin wa ke tsayawa?

Sakatariya ma na da aikin da ba ya cin ko dala. Ta rubuta wa mai ciwon ranar da ya fara, gaɓoɓin da ya kama, tsawon sandarewar safe, ɓari nawa in an yi, da ko tana da ciki ko tana shayarwa. Yaro mai allurar wata a sa ranarsa a bayan littafin zubi, a riƙa tuna wa uwarsa a taro. Ranar tafiya kuma a haɗa duk kwalaye da ƙulle-ƙullen da aka sha, na farmasi da na kasuwa da na gargajiya, a sa a leda ɗaya a miƙa wa lokotoro.