Ranar Da Za A Tambayi Amarya Ko Da Gaske Mijinta Ne

A ekklisiyoyinmu mun sha ɗaura auren ɗanmu da ke zaune a Amurka da 'yarmu ta gida. A ci a sha, zumuntar mata su raira waƙa har dare. Bayan mako biyu ango ya hau jirgi ya koma, amarya ta zauna gidan surukai tana jiran biza. Jiran nan yakan wuce shekara. Ƙarshensa kuwa ganawa ce ta 'yan mintoci a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Ikko, gama can ne ake duba bizar masu ƙaura daga Nijeriya, ba Abuja ba.

Mijin ne ke fara shigar da takardar roƙo mai lamba I-130. In an amince, sai ya sa hannu a wata kuma, I-864, ta alkawarin cewa zai riƙe matarsa, tare da shaidar cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na ƙasar. Ita kuma ta je gwajin lafiya wurin likitan da ofishin ya amince da shi, ta samo takardar 'yan sanda.

Ran ganawa, za a ɗauki zanen yatsunta, ta yi rantsuwa za ta faɗi gaskiya, sa'an nan jami'i ya yi mata tambayoyi ta bayan gilashi. A ina kuka haɗu? Wane aiki yake yi? Su wa suka zo bikin? Yana da 'ya'ya da wata? Duk abu guda yake nema ya sani: auren gaske ne, ko auren neman takarda. Tun 1986 Amurka ta kafa doka a kan auren bogi, shi ya sa wadda ta shiga ƙasar aurenta bai cika shekara 2 ba, izinin zama na shekara 2 kawai ake ba ta, daga baya su sake tabbatar da auren.

To, 'yan'uwa, inda muka fi yin tuntuɓe ba wajen tambayoyin ba ne, wajen takardunmu ne. Yarinya tana da sunan baftisma a takardar coci, sunan yare a ta makaranta, ga ranar haihuwa iri biyu. Ga kuma batun auren kansa. A Dokar Aure ta Nijeriya, sai an ba da sanarwa a ofishin rajista, an jira kwana 21, an karɓi takardar mai rajista, sa'an nan a ɗaura auren a majami'ar da ke da lasisi. Sa albarka a coci ba tare da wannan ba bai mai da shi auren wannan doka ba. Ƙananan majami'unmu na ƙauye sukan yi sakaci a nan, mu dattawa da fastoci ba za mu ɗora wa yaran laifin ba. In takarda ba ta cika ba, akan dakatar da bizar har sai an kawo ta, watanni su ƙara tafiya.

Akwai kuma masu cin kuɗin jama'a da sunan koya musu amsa. Su ce ki ɓoye auren da ya mutu, ki ƙara shekarun sanin juna. Wanda aka kama da ƙaryar da ta shafi bizar, doka ta ba da damar a hana shi shiga har iyakar ransa. Tsoron baƙuwar ƙasa ba sabon abu ba ne. Littafin Farawa ya nuna yadda Ibrahim da kansa ya ce Saratu 'yar'uwarsa ce da za su shiga Masar, mun kuwa san inda abin ya kai su. In ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba.

Ƙofar ma ba kullum take buɗe ba. A 2020 an dakatar da yawancin bizar ƙaura ga 'yan Nijeriya, aka ɗage a Janairun 2021, a Disamban 2025 kuma aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Saboda haka kafin a sa rana, iyaye su sa a bincika matsayin dokar a lokacin, su kuma yi magana a fili a kan inda amarya za ta zauna da wanda zai riƙe ta in jiran ya yi tsawo.