Furen Da Ba Ya Son Ƙasa

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu fita tsakar gida, don ina so in ba ku labarin wata hasara da na yi, ko Allah ya sa wata ta tsira daga irinta.

Shekara uku ke nan, ran da na ɗauki adashi, na bi ta wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Sai na ga wani fure fari fat, ya jeru bisa wani siririn reshe kamar malam-buɗe-littafi sun sauka hutawa. Mai sayarwa ya ce sunansa okid. Na saya, da tsada kuwa. Da na zo gida na duba, sai na ga saiwoyinsa a waje, ba ƙasa ko kaɗan sai 'yan ɓawon itace. Tausayi ya kama ni, na ce lalle an cuci tsiron nan. Na cika babbar tukunya da ƙasa da takin awaki, na binne shi, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Ba a yi kwana 20 ba ganyen ya yi rawaya ya langaɓe. Da na tona, saiwoyi duk sun ruɓe. Ashe alherina ne ya kashe shi.

To, ga abin da na koya daga baya. Okid iri iri ne, ya kai wajen iri 28,000 a duniya, kuma yawancin na ƙasashen zafi a kan itatuwa suke zaune, ba a ƙasa ba. Amma kada ki ɗauka halinsu ɗaya da kauci. Kauci yana tsotson itacen da ya hau, shi kuwa okid wurin zama kawai yake nema. Saiwarsa tana da wata farar riga mai kama da soso, wadda ke shan ruwan sama da raɓa, sa'an nan iska ta busar da ita. In kika toshe ta da ƙasa, kin shaƙe ta ke nan. Irin wanda na saya ana ce masa Phalaenopsis, asalinsa daga dazuzzukan Indonesiya da Filifin da maƙwabtansu. Mu ma muna da namu a dajin Afirka, watau Ansellia, wanda wasu ke kira murucin bisa, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa.

Saboda haka, uwargida, nemi 'yar tukunyar ƙasa, ki sa a huda ta a gindi da gefe. Ki zuba tsingaro a ƙasa, sa'an nan gawayi da aka farfasa kamar girman goro, ki haɗa da ɓawon kwakwa wanda kika jiƙa kwana biyu ko uku kina sake masa ruwa. Ki zaunar da tsiron a kai, kada ki binne wuyansa. Saiwar da ta leƙo waje, ki ƙyale ta, ba ɓata ta yi ba.

Wajen ban ruwa nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Kada ki ƙidaya kwanaki, saiwar za ki duba. In tana kore, ta ƙoshi. In ta koma fari-fari kamar azurfa, ƙishirwa take ji. Ki ba ta da safe, ki zuba har ya tsiyaye ta ƙasa, amma kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, nan ruɓa ke farawa. Ruwan sama ya fi, don ruwan wasu rijiyoyi yana da zartsi. Taki kuwa, in kin sami na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta ya isa.

Rana tsaka tana ƙona ganyensa, duhun ɗaki kuma yana hana shi fure. Ki rataye shi a rumfa ko ƙarƙashin mangwaro, inda hasken safe ke samunsa, inda kuma akuya ba ta kai baki. Lokacin hunturu iska ta bushe, sai ki zuba tsakuwa a kasko, ki sa ruwa, ki ɗora tukunyar a bisa tsakuwar yadda gindinta bai taɓa ruwan ba. Da bazara ki matsar da shi wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa ma ya yi.

Wadda ta ga wannan hidima ta yi mata yawa, ai ga namu na gida. Lalle yana fure mai ƙamshi, ga kuma amfanin ganyensa. Ga itacen ƙarya, mai jan fure da ƙaton gindi, wanda ke son rana ƙwal da ƙasa mai rairayi, ruwa kaɗan ya ishe shi. Sai dai fa ruwan jikinsa dafi ne, kada ki dasa shi inda yara ke wasa, kuma ki wanke hannu in kin yanke reshensa.

Abu ɗaya ya rage. Furen okid yakan yi wata 2 ko 3 kafin ya zube, kuma in ya zube kada ki jefar da tukunyar, tsiron bai mutu ba. Sanyin dare ne ke tayar da shi ya fid da sabon reshe. Na biyun da na saya ya yi wata tara ba abin da yake nunawa sai ganye huɗu, har maigida ya fara yi mini ba'a. Da hunturun bana ya shigo, wata safiya na ga ɗan tsinke ya ɓullo daga tsakanin ganye. Yanzu ƙullin fure bakwai gare shi, biyu sun buɗe.