Kafin Magidanci Ya Shiga Gwajin Maganin Ƙarancin Sinadarin Maza

Da likitoci a Amurka suka tashi gwada maganin testosteron, wato sinadarin maza, a kan dattawa 'yan shekara 65 zuwa sama, maza sama da 51,000 suka tantance, amma 790 kacal suka ɗauka. Yawancin waɗanda suka je da kukan kasala da mutuwar sha'awa, da aka auna jininsu sai aka tarar sinadarin bai yi ƙasan da suke zato ba. Mai tallar maganin maza a tasha, da lasifikarsa, kowa ya zo wucewa majinyacinsa ne. Masu bincike kuwa sai sun ɗebi jini da sassafe, lokacin da sinadarin ya fi yawa a jiki, a ranaku biyu daban-daban, kafin su yarda mutum na da larurar.

Larurar tana zuwa ta hanya biyu. Ko dai 'ya'yan maraina ne suka gaza samar da sinadarin, ko kuma umarnin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare su. Ƙiba, ciwon suga da yawan shan ƙwayoyi irin su tiramadol duk suna iya sauke shi.

Wanda aka ɗauka a irin wannan gwaji ya sani cewa ba asibiti ya je karɓar magani kyauta ba. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a: wasu a ba su man shafawa mai sinadarin, wasu a ba su mai kama da shi sak wanda babu komai a ciki. Ana shafa shi kullum da safe a kafaɗa ko damtse, a wanke hannu, a rufe wurin da riga don kada ya taɓa jikin maiɗaki ko yara. Shi mai shafawar bai san wanne ya samu ba, likitan da ke duba shi ma haka. Yana iya shekara cur yana shafa fanko. Wannan ba yaudara ba ce muddin an faɗa masa tun farko, domin ba don haka ba, da babu yadda za a bambance aikin magani da aikin sa rai.

Akwai kuma haɗari na gaske. Wani gwaji da aka yi a Boston kan dattawa 209 masu wahalar tafiya, dakatar da shi aka yi kafin wa'adi, bayan mutum 23 cikin masu shafa maganin sun gamu da matsalar zuciya ko jijiyoyin jini, alhali 5 ne kawai a ɗaya ɓangaren. Sakamakon ya fito a 2010, ya bar likitoci cikin zullumi na shekaru. Sai a 2023 babban gwajin TRAVERSE, mai maza sama da 5,200 'yan shekara 45 zuwa 80, ya nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ƙaru ba. Amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya, gudan jini a huhu, da karayar ƙashi. Amfanin kuma, bisa gwajin dattawan nan 790 da aka wallafa a 2016, ɗan ƙarin sha'awa ne da ɗan sauƙin damuwa. Ƙuruciya dai ba ta dawo ba.

Abin da na fi so magidanci ya riƙe shi ne batun haihuwa. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadatu, ta daina aika umarni, 'ya'yan maraina su rage samar da ƙwayoyin haihuwa, wani ma su ɗauke gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya har ta taɓa gwada allurarsa a matsayin maganin tsarin iyali na maza. Galibi abin yana dawowa bayan an daina, amma yakan ɗauki watanni. Wanda ya yi sabon aure, ko yake neman ƙaruwa, ya faɗi haka tun zaman farko.

Mu da muka san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a Kano a 1996, ba sai an koya mana ɗari-ɗari ba. Sai dai ɗari-ɗarin ya kamata ya zama tambaya. Wane kwamitin ɗa'a ne ya amince da binciken, kuma a Najeriya NAFDAC ta sa hannu? Wa zai biya kuɗin jinya idan wani abu ya faru? Sau nawa za a auna kaurin jini, tunda maganin na ƙara shi? Idan an kammala, za a ci gaba da ba ni maganin ko za a yanke? Takardar amincewa a nemi a karanta ta da harshen da mutum ke ji, ya tafi da ita gida ya yi shawara. Ko bayan sa hannu, yana da ikon janyewa ranar da ya ga dama, kuma hakan ba zai hana a ci gaba da duba shi a asibitin ba.