Kakar 2014: Shekarar da Masu Gida Suka Cika Uku

Gasar firimiya ta Najeriya ta 2014 ƙungiyoyi 20 ne suka buga ta, kowace ta kara da 'yar'uwarta gida da waje, wasanni 38 ke nan. Wanda ya ci yana da maki uku, kunnen doki maki ɗaya, huɗu na ƙarshen teburi kuma su gangara rukunin 'yan dagaji. Da aka rufe kaka, Kano Pillars, wato Masu Gida, ce a sama, Enyimba ta Aba na biye da ita.

Wannan ne kofin Pillars na huɗu. Ta fara ɗauka a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, Mohammed Baba Ganaru ya kawo na 2012 da na 2013, Okey Emordi ya cika na ukun a jere. Kafin ita, Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta yi haka daga 1988 zuwa 1990, Enyimba ma daga 2001 zuwa 2003. Abin lura, ba Pillars ce ta fitar da gwanin zura ƙwallo na shekarar ba. Mfon Udoh na Enyimba ne ya ci 23, adadin da ya kafa tarihi a gasar, amma kofi ya tafi Kano.

Sirrin yana filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ranar wasa tun da azahar ake cika, masu gyaɗa da ruwan leda na kutsawa tsakanin layuka, ganga na tashi, in Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya tsaya kan bugun tazara sai fili ya ɗauka da “Sai Masu Gida!” Tun 2003 har zuwa wannan kaka babu baƙon da ya ci Pillars a gida a gasar. Sai dai a wancan zamani kusan kowace ƙungiya zaki ce a garinta, shi ya sa maki ɗaya da aka tsinto a Warri ko Fatakwal yake da tsadar gaske. A irin waɗannan makin ake raba zakara da na biyu.

Kuma kafin a tsinto su sai an ci hanya. Yawancin tafiye-tafiyen a bas ake yinsu, yini guda ko fiye, ɗan wasa ya sauka ƙafa a kumbure, washegari ya shiga fili. Tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Ilorin da Legas ta Birnin Gwari ta ratsa, ta gefen dajin Kamuku, kuma da ɓarayin daji suka addabe ta direbobi da yawa suka gwammace su zagaya ta Abuja. El-Kanemi Warriors kuwa rikicin Boko Haram ya raba ta da filinta na Maiduguri, ta koma karɓar baƙi a garin wasu. Duk wanda ya karanta teburin shekarun nan bai sa wannan wahala a lissafi ba, ya zalunci 'yan wasan.

Zagayen ma bai zama kariya ba. A watan Maris na 2015, Pillars na kan hanyar Owerri don wasan buɗe sabuwar kaka da Heartland, 'yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Mohammed. A kakar nan ce Nasarawa United ta zo har Kano ta ci 2-1, ta katse tarihin shekara 12, Enyimba kuma ta karɓe kofin.