Ƙira hawa-hawa da matsalar tsagewar alminiyam

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu yi bayani a kan wata hanyar ƙira wadda ake ce wa fabrication additive da faransanci, mu kuwa za mu kira ta ƙira hawa-hawa. Manufarmu ita ce mu nuna cewa babbar wahalar wannan fanni a wajen ƙarfen da ake ba na'ura take, kuma binciken doktora ya taimaka ƙwarai wajen warware ta.

2. Asalin hanyar

Maƙeri yakan sassaƙe ƙarfe ko ya zuba shi a cikin zubi. A ƙira hawa-hawa kuwa, na'ura mai ƙwaƙwalwa takan yanka siffar abin da ake so zuwa shimfiɗu masu yawa, sa'an nan a gina su ɗaya bisa ɗaya. A shekarar 1984, Faransawa uku, wato Alain Le Méhauté da Olivier de Witte da Jean-Claude André, suka nemi rajistar hanyar daskarar da ruwan roba da haske, makonni kaɗan kafin Ba'amurke Charles Hull ya nemi tasa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Carl Deckard, ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin, ya ƙago haɗa gari da hasken lazer a ƙarƙashin malaminsa Joseph Beaman. A 1995 aka fara aikin narkar da garin ƙarfe gaba ɗaya a cibiyar Fraunhofer ta birnin Aachen, a Jamus.

3. Matsalar

Ana shimfiɗa garin ƙarfe da kaurin da bai kai kashi 1 cikin 10 na milimeta ba, lazer ya narkar da inda aka zana, a ƙara wata shimfiɗa. Ƙarfen yakan narke ya daskare cikin ƙiftawar ido. Masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwar Katako ta Yamai sun san cewa wannan ƙarfe yana tsukewa idan yana hucewa. Haka abin yake a cikin na'ura, sai dai saurinsa ya fi.

Akwai gamin ƙarfe fiye da 5.500 da ake aiki da su a masana'antu, amma kaɗan ne daga cikinsu suke jure wannan hanya. Misali shi ne gamin alminiyam mai lamba 7075, wanda ya ƙunshi tutiya da magneziyam da jan ƙarfe, kuma ake ƙera sassan jirgin sama da shi. Idan yana daskarewa, ƙwayoyinsa sukan miƙe dogaye kamar karan dawa. Ragowar narkakken ƙarfe ba ya samun hanyar cike tsakaninsu, saboda haka wurin ya tsage, tsagar kuma ta ratsa shimfiɗu da dama. Sashen da ya fito haka ba a iya dogara da shi.

4. Maganin da aka samo

A watan Satumba na 2017, mujallar Nature ta buga sakamakon aikin John Martin da abokansa na cibiyar HRL ta Kalifoniya. A lokacin Martin yana shirya doktora a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara, a hannun Farfesa Tresa Pollock. Sun bar na'urar yadda take, suka gyara garin. Sun barbaɗa masa ƴan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu ɗauke da zirkoniyam. Idan lazer ya narkar da garin, zirkoniyam yakan haɗu da alminiyam ya ba da Al3Zr, wanda tsarin atam ɗinsa ya yi kusa da na alminiyam. Kowace ƙwaya sai ta zama iri, daskarewa ta fara daga wurare da yawa a lokaci guda. Ta haka ake samun ƙwayoyi ƙanana masu kamar tsabar gero, waɗanda suke iya gocewa da juna yayin tsukewa. An ƙera 7075 da 6061 ba tare da tsaga ba, kuma ƙarfinsu ya kusanci na wanda aka sarrafa ta tsohuwar hanya.

5. Kammalawa

Masana zubi sun daɗe da sanin dabarar ƙanƙanta ƙwayoyin ƙarfe. Abin da wannan bincike ya ƙara shi ne zaɓen irin da ya dace da kowane gami, da kuma shigar da shi cikin gari. Ɗalibin da yake son shiga wannan fanni ya kamata ya fara da ilimin yadda ƙarfe yake daskarewa, domin a nan ne ake gane ko abin da na'ura ta fitar zai ɗauki nauyi ko zai karye.